Mahaɗa ko taga, Ampère ko Biot da Savart: wace hanya za ka kama kafin ka fara lissafi?

Ɗalibin fiziks ko na injiniyancin lantarki da ya kai aji biyu a jami'a yawanci dokokin suna kansa. Ya san dokar Ohm ta 1827, ya san dokoki biyun da Gustav Kirchhoff ya fitar a 1845 yana ɗalibi ɗan shekara 21 a Königsberg, ya kuma san cewa karent in yana bin waya sai ya kewaye ta da filin maganaɗisu. Abin da ke cinye masa lokaci a ɗakin jarrabawa shi ne zaɓen hanya. Tambaya guda ana iya gama ta da ikweshin ɗaya, ana kuma iya gama ta da huɗu. Amsar ba ta canzawa, amma wanda ya kama ta huɗun zai ji an ce a ajiye biro alhali bai ko karanta tambayar ƙarshe ba.

Wurare biyu aka fi yin wannan ɓatan kai. A lissafin sakit, tsakanin hanyar mahaɗa da hanyar taga, ga kuma dabarar Thévenin tana jira a gefe. A lissafin filin maganaɗisu, tsakanin dokar Ampère da ta Biot da Savart. A duka biyun, zanen da ke gabanka ne ya kamata ya yi zaɓin, ba sabo ba. Karanta zanen kuwa bai kai minti ɗaya ba, in ka san abin da kake dubawa.

Mahaɗa ko taga

A hanyar mahaɗa, sai ka nemo duk inda wayoyi uku ko fiye suka haɗu. Ka ɗauki ɗaya ka ba ta sifili, boltej ɗin sauran shi ne abin nema. A kowace mahaɗa ka rubuta dokar Kirchhoff ta farko: karent ɗin da ya shiga shi ne zai fita. A hanyar taga kuwa, kowane fili da wayoyi suka kewaye a zanen taga ce. Ka ba kowace taga karent ɗinta mai zagayawa, ka rubuta doka ta biyu: in ka zagayo ka dawo inda ka tashi, hawa da saukar boltej sun cinye juna.

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, ƙirga. In mahaɗai n ne, hanyar mahaɗa za ta ba ka abin nema n − 1. In rassa, wato hanyoyin da ke tsakanin mahaɗa da mahaɗa, b ne, tagogi za su zama b − n + 1. Daga nan sai ragi: kowane batir da ke tsaye shi kaɗai tsakanin mahaɗai biyu yana rage wa hanyar mahaɗa abin nema ɗaya, don ya riga ya faɗa maka bambancin boltej ɗinsu. Kowane tushen karent kuma yana rage wa hanyar taga ɗaya. Wadda lambarta ta fi ƙanƙanta, ita za ka bi.

Ga sakit mai rassa uku gefe da gefe. Na hagu batir ne mai bolt 12 a jere da rizisto mai om 2, na tsakiya rizisto mai om 6 shi kaɗai, na dama batir mai bolt 6 da rizisto mai om 3, kawunan batiran duka suna kallon sama. Mahaɗai biyu, tagogi biyu. Hanyar mahaɗa na buƙatar layi ɗaya: (V − 12)/2 + V/6 + (V − 6)/3 = 0. Ninka da 6, ka sami 6V = 48, wato V bolt 8. Shi ke nan. Babban batirin yana fitar da amfiya 2, na tsakiya yana shan 1.33, sauran 0.67 kuma yana shiga cikin ƙaramin batirin, yana yi masa caji. Masu haɗa sola sun san wannan a aikace: a haɗa batir mai ƙarfi da raunanne gefe da gefe, mai ƙarfin ne zai riƙa ciyar da ɗan'uwansa ko ba a kunna komai ba. Da ka bi taga, da ka rubuta 8I₁ − 6I₂ = 12 da −6I₁ + 9I₂ = −6, ka warware su tare, ka iso kan 2 da 0.67 ɗin dai. Aiki ninki biyu, lada iri ɗaya.

Gadar Wheatstone da ba ta daidaita ba ta fi nuna yadda ƙirgan ke aiki, domin a nan ba rizisto biyu da za ka ce a jere suke ko gefe da gefe. A ce batir mai bolt 10 yana tsakanin A a sama da D a ƙasa. Daga A zuwa B om 1, daga A zuwa C om 2, daga B zuwa D om 2, daga C zuwa D om 1, tsakanin B da C kuma om 1. Tagogi uku ne. Mahaɗai huɗu, a cire ta sifili saura uku, batirin ya riga ya ce A tana kan 10, saura biyu. Ikweshin ɗin su ne 2.5B − C = 10 da −B + 2.5C = 5, inda B da C ke nufin boltej ɗin wuraren. Amsa: B tana kan 40/7, C tana kan 30/7, karent na tsakiya 10/7, kusan amfiya 1.43, kuma gadar gaba ɗayanta tana daidai da om 1.4. Yanzu cire batirin ka sa tushen karent a gurbinsa. Komai ya juye: mahaɗa ta koma abin nema uku, taga ta sauko biyu. Gadar ba ta canza ba, abin da ke ciyar da ita ne ya canza, shi ne kuma ya canza hanyar da ta fi arha.

Akwai wani ɗan bincike da ya kamata ya zama ɗabi'a. Dubi lambar da ke gaban C a layin B, da wadda ke gaban B a layin C: duka −1. A misalin farko na taga ma −6 da −6. Muddin ba tushe mai dogaro da wani reshe a cikin sakit ɗin, kuma ka juya duk tagoginka gefe guda, dole lambobin nan su yi tagwaye. In ba su yi ba, ka yi kuskuren alama, gara ka kama shi tun nan.

In ƙirgan ya yi kunnen doki, ni mahaɗa nake ba wa. Dalili na farko, ba ta da sharaɗi. Hanyar taga sai sakit ɗin da za a iya shimfiɗawa a takarda ba tare da waya ta haye waya ba. Ɗauki tsohuwar tambayar nan ta kiyub mai rizisto 12 iri ɗaya, girman kowanne R, ɗaya a kowane gefe, da batir tsakanin kusurwa biyu mafi nisa. Da zarar ka saka reshen batirin, duk yadda ka juya zanen sai wata waya ta ƙetare wata, don haka maganar taga ba ta taso ba. Ana iya zaɓen zagaye masu zaman kansu da hannu, amma a nan ne mutane ke maimaita ikweshin ɗaya sau biyu ba su sani ba. Mahaɗa za ta yi aikin da abin nema shida. Ko da yake, a kan kiyub ɗin, mai ido ba zai bi ko ɗaya ba: siffar daidai take ta kowane ɓangare, karent ya rabu uku, kowane kaso ya rabu biyu, su sake haɗuwa uku, ka tara 1/3 da 1/6 da 1/3 ka sami 5/6 na R. Don haka tun kafin ƙirga ma, duba ko zanen yana da irin wannan daidaiton.

Dalili na biyu, ita kwamfuta ke bi. Manhajar SPICE da Laurence Nagel ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, aka fitar a 1973, a kan mahaɗa aka gina ta, kuma gyararren salon da masu bincike uku na IBM suka wallafa a 1975 shi jikokinta irin su LTspice ke amfani da shi har yau. Kwamfuta ba ta ganin taga. Jerin abin da ke haɗe da me kawai ake ba ta. Wanda ya saba da mahaɗa, ranar da ya buɗe irin wannan manhaja zai tarar da tunaninsa da nata sun zo ɗaya.

Taga na da gidanta, ba a raba ta da shi. Bayan tushen karent, babban wurinta shi ne kwil biyu masu tasiri a juna, kamar na tiransifoma. Boltej ɗin da ke tasowa a kwil na biyu ya dogara ne da karent ɗin na farko, jωM sau I, inda j ke nufin √−1, ω saurin juyin wutar, M kuma ƙarfin tasirin kwil biyun a juna. Tunda karent ne abin nema a hanyar taga, sai ka jefa wannan kai tsaye cikin layin, ka kula da ɗigon da ke nuna alkiblar naɗi. A hanyar mahaɗa sai ka fara juya dangantakar baya, wahalar da ba ta da dalili.

Inda Thévenin ya fi su duka

Tambayar na cewa a nemo karent a reshe ɗaya tak? Ko tana canza rizisto ɗaya sau uku tana neman amsa kowane karo? Ko tana neman tirjiyar da za ta ja wuta mafi yawa? To ajiye mahaɗa da taga. Léon Charles Thévenin, injiniyan tangaraho a Faransa, ya wallafa dabararsa a 1883, ko da yake Hermann von Helmholtz ya riga shi da shekara 30. Abin da ta ce shi ne, duk yawan batira da rizistocin da ke bayan wayoyi biyu, ana iya maye su da batir ɗaya da rizisto ɗaya a jere.

Koma kan gadar ɗazu. Zare rizisto na tsakiya. B ta zauna kan 6.67, C kan 3.33, bambanci 10/3. Maye batirin da waya, ka leƙa daga B da C: om 1 da 2 gefe da gefe sun ba da 2/3, ɗaya ɓangaren ma haka, jimla 4/3. Daga nan kowace tambaya rabawa ɗaya ce. Om 1 a tsakiya, amfiya 10/7, daidai da abin da mahaɗa ta bayar. Om 2, amfiya 1 cif. Wuta mafi yawa tana zuwa ne in ka sa om 4/3, wat 2.08, alhali om 1 na ba da 2.04, om 2 kuma wat 2. In ma kafasita mai maikurofarad 1000 aka sa a wurin, ba sai ka rubuta doguwar ikweshin ta canji ba: za ta cika ta nufi bolt 3.33, ma'aunin lokacinta kuma 4/3 sau 0.001, wato milisakan 1.33. A tambayoyin caji da saukar caji masu kafasita ɗaya ko kwil ɗaya, ban san hanyar da ta kai wannan sauri ba.

Tarkonta ɗaya ne, kuma yana kama mutane da yawa. Madadin Thévenin gaskiya yake faɗa a kan abin da ke waje, amma ba ya faɗin abin da ke faruwa a ciki. Da tsakiyar gadar a buɗe, madadin ba ya cin wuta ko kaɗan, alhali gadar gaske tana zuƙar amfiya 6.67 daga batirin, tana ƙona wat 66.7. In an tambaye ka wutar da batirin ke bayarwa, sai ka koma zanen asali.

Dabarar kunna tushe ɗaya-ɗaya a tara sakamako kuwa, ba na ba da shawararta sai dole. A misalin farko babban batirin shi kaɗai ya ba da bolt 6, ƙaramin ya ba da 2, jimla 8, daidai ne, amma zane biyu ka warware a madadin layi ɗaya. Kuma wuta ba ta taruwa haka: 6 da 0.67 sun ba da wat 6.67 a rizisto na tsakiya, alhali gaskiyar ita ce 10.67. Inda take zama dole shi ne in DC da AC sun haɗu a sakit ɗaya, ko tushe biyu masu juyi daban-daban.

A wutar AC duk hanyoyin nan suna nan yadda suke, sai dai lambobin sun ɗauko j. Kafasitar fankar sama mai maikurofarad 2.5, a kan juyi 50 a sakan na wutar gida a Najeriya da Nijar, tana zama −j1273, kwil mai henri 1 kuma j314. A nan ƙirgan farko ya ƙara daraja. Kalkuleta irin Casio fx-991ES tana warware ikweshin biyu ko uku a tare, amma sashen da ke yin haka ba ya karɓar j. Abin nema uku a AC na nufin ninke-ninke masu yawa da hannu, kowanne ƙofa ce ta kuskure.

Inda mahaɗa ke rasa ma'ana

Duk yabon da na yi wa mahaɗa yana tsaye ne a kan zato ɗaya: cewa kowane wuri a sakit yana da boltej guda. Wannan yana rushewa in filin maganaɗisu mai canzawa yana ratsa tsakiyar zanen. A yi zobe da rizisto biyu, om 100 a hagu da om 900 a dama, a sa dogon kwil a tsakiya wanda filinsa ke canzawa har ya haifar da bolt 1 a zagayen. Karent miliamfiya 1 ne. Mitar da aka ajiye a hagu za ta nuna 0.1, wadda ke dama ta nuna 0.9 da kishiyar alama, alhali wayoyinsu a wurare biyu iri ɗaya suke maƙale. Ba mitar da ta lalace. Amsar ta dogara ne da hanyar da wayar mitar ta bi. A irin wannan tambaya, da duk masu sanda mai zamewa a kan dogo biyu cikin fili, zagaye za ka bi, ka rubuta dokar da Michael Faraday ya gano a 1831: jimlar IR a zagayen daidai take da saurin canjin maganaɗisun da ke ratsa shi.

Ampère ko Biot da Savart

A 1820 Hans Christian Ørsted ya ga allurar kamfas ta karkata kusa da waya mai karent a Kopenhagen, kuma kafin shekarar ta fita Jean-Baptiste Biot da Félix Savart sun auna yadda ƙarfin ke raguwa da nisa a Faris. Dokar da ke ɗauke da sunansu tana yanka waya gutsi-gutsi, ta lissafa ɗan filin da kowane gutsure ke bayarwa, ta tara. Kowace siffa tana karɓa, ladanta kuma intigiral ne, wani lokaci mai ɗaci. Dokar Ampère ta bi ta wani wajen: zana hanya rufaffiya, tara filin a tsawonta, jimlar ita ce μ₀, lambar maganaɗisu ta sarari marar komai, sau karent ɗin da ya ratsa cikinta. Layi biyu an gama.

Ga inda gizo ke saƙar. Dokar Ampère gaskiya ce a kowace siffa muddin karent bai canzawa, amma jimla take ba ka, ba filin wuri ɗaya ba. Ba za ka iya zare B, wato filin, daga jimlar ba sai ka riga ka san alkiblarsa, ka kuma sami hanyar da girmansa bai canzawa a kanta, ko yake sifili, ko yake tsaye a kanta ba ya ƙara komai. Siffofin da ke ba da wannan ba su da yawa: doguwar waya miƙaƙƙiya, siririya ko kakkaura, har da mai riga irin ta dish, dogon kwil, kwil mai siffar zobe, da faffaɗan faranti. In tambayarka ba ta cikin waɗannan, kada ka tilasta mata.

Kilam mitar da masu wayarin ke maƙala wa waya dokar Ampère ce a hannu. Ba ruwanta da ainihin inda wayar ta zauna a cikin bakinta, abin da ya ratsa kawai take ƙirgawa. Kama waya mai wuta ita kaɗai, ta nuna karent. Haɗa ta da ta dawowa, ta nuna sifili, ko da yake filin da ke kusa da wayoyin ba sifili ba ne. Wannan bambanci tsakanin jimla da filin wuri ɗaya shi ne dukan maganar.

A saka lambobi. Doguwar waya mai amfiya 10, a nisan santimita 5: B = μ₀I/2πr, maikurotesla 40. Filin duniya kansa tsakanin 25 da 65 yake, shi ya sa allurar Ørsted ta motsa. Yanzu a ce guntuwar waya ce mai tsawon santimita 10, kana daura da tsakiyarta a nisan 5 ɗin dai. Da'irar da ka zana a kewayenta tana nan da kyanta, sai zuciya ta raya maka 40. Biot da Savart sun ce μ₀I/4πr sau jimlar sin na kusurwoyi biyun, kowace digiri 45, wato 28.3. Wanda ya rubuta 40 ya zarce da kashi 41 cikin ɗari. Dalilin shi ne guntuwar waya ba ta ɗaukar karent ita kaɗai. Dole akwai sauran sakit ɗin a wani wuri, kuma Ampère yana ƙirga filinsa a cikin jimlar, sauran kuwa ya ɓata daidaiton da ka dogara da shi. In kuma ka ce caji ne ke taruwa a bakin wayar, ka shigo da filin lantarki mai canzawa, wanda sai da James Clerk Maxwell ya ƙara wa dokar wani sashe a farkon shekarun 1860 kafin ta iya da shi.

To yaushe waya ta isa a kira ta doguwa? In kana daura da tsakiyarta kuma tsawonta ya ninka nisanka sau 10, kuskuren kusan kashi 2 ne cikin ɗari. Sau 20, rabin kashi ɗaya: waya mai mita 1 a nisan santimita 5 tana ba da 39.8. Haka ma kwil. Naɗi 1000 a tsawon santimita 50 da amfiya 2 yana ba da militesla 5 a ciki, bisa μ₀nI, inda n ke nufin naɗi a kowane mita, in siriri ne. A bakinsa filin rabi ne. In kuma tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, ko a tsakiya kashi 71 cikin ɗari kawai za ka samu. Bakin kwil da gajeren kwil duk na Biot da Savart ne.

Zobe ɗaya shi ya fi yaudara, don ba abin da ya kai shi kyan siffa. Amma layukan filinsa suna lanƙwasa suna kuma canza ƙarfi, ba hanyar Ampère da za ta yi amfani. An yi sa'a, intigiral ɗin a tsakiya ba komai ba ne, tunda kowane gutsure nisansa ɗaya kuma alkiblarsa ɗaya: μ₀I/2R, maikurotesla 126 ga zobe mai santimita 5 daga tsakiya zuwa baki da amfiya 10. Ka hau kan layin tsakiyar da santimita 5, ya sauko 44. Ka kauce daga layin kuwa, lissafin ya fi ƙarfin ɗakin jarrabawa, sai kwamfuta.

A gaskiya, yawancin tambayoyin da ake kira masu wuya ba sa buƙatar sabon intigiral. Sakamako uku za ka riƙe, na guntuwar waya, na bakan da'ira a tsakiyarsa, da na zobe a kan layinsa, sai ka riƙa harhaɗawa. Murabba'i mai gefen santimita 10, guntaye huɗu ne irin na ɗazu: 4 sau 28.3, wato 113. Waya mai siffar U mai dogayen ƙafafu da lanƙwasarta rabin zoben ɗazu ce, a tsakiyar lanƙwasar: rabin 126, a ƙara 20 daga kowace ƙafa, 103. Duk wayar da ta miƙe ta nufo wurin da kake aunawa, sifili take bayarwa, share ta. Akwai kuma siffofin da daidaitonsu ya lalace amma ana iya dawo da shi da dabara. Kakkaurar waya da aka huda mata rami a gefe, ba a tsakiya ba, ɗauke ta a matsayin cikakkiyar waya haɗe da siririya mai kishiyar karent a gurbin ramin. Kowacce ta Ampère ce. In ka haɗa su sai ka tarar filin cikin ramin ɗaya ne a ko'ina, μ₀Jd/2, inda J ke nufin karent a kowane murabba'in mita, d kuma nisan tsakiyar ramin daga tsakiyar wayar. Wanda ya tunkari wannan da intigiral kai tsaye zai kwana a kai.

In ƙarfe ya shigo

Da zarar an naɗa kwil a kan ƙarfe, kamar a tiransifoma ko injin fanka, Biot da Savart a siffarsu ta aji sun fita daga zaɓi, domin ƙarfen kansa ya zama maganaɗisu, kuma abin da yake ƙarawa ya ninka na wayar sau ɗaruruwa ko dubbai. Ampère kuwa sai ya sami sauƙi, tunda ƙarfen yana tsare filin a cikin jikinsa, ya shata maka hanyar da za ka bi. Lissafin sai ya koma irin na sakit: naɗi sau karent ya tsaya a matsayin batir, kowane yanki na hanyar ya zama rizisto mai girman tsawonsa a raba da μ, wato ƙarfin ɗaukar maganaɗisunsa, da faɗinsa. In ƙarfen mai ƙafa uku ne, mahaɗa da taga sun dawo, da ƙirgansu.

A ce zoben ƙarfe ne mai tsawon santimita 30, mai ɗaukar maganaɗisu sau 2000 fiye da iska, da naɗi 500 da amfiya 1, an yanka masa giɓi na milimita 1. Santimita 30 na ƙarfen daidai suke da milimita 0.15 na iska. Jimla 1.15, filin ya zama tesla 0.55, kuma ɗan giɓin nan shi ya cinye kashi 87 cikin ɗari na ƙoƙarin kwil ɗin. Rufe giɓin, lissafin zai ce tesla 4.2. Kada ka rubuta wannan. Ƙarfen tiransifoma yana ƙoshi ne a wajen tesla 2, kuma tun kafin ya kai nan lambar 2000 ɗin ta zube, don haka amsar sai an karanto ta daga zanen B da H na ƙarfen, mai nuna yadda filin ke hawa da ƙoƙarin kwil. Da giɓin kuwa, ko lambar ta sauka 1000 filin 0.48 ne, ko ta hau 4000 bai wuce 0.58 ba. Saboda haka ne masu ƙera kwil ɗin da zai ɗauki DC suke barin giɓi da gangan.